Ina ne Sarki Kiriyon ya yi ɓatan basira a wasan Antigoni?

Malama Rabi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ga tambaya ga masu koyar da adabin Girka da masu shirya wasa a dandamali. A wasan Antigoni na Sofokilis kowa ya yarda Sarki Kiriyon ne ya janyo wa gidansa halaka: ɗansa, matarsa da 'yar 'yar'uwarsa duk sun mutu a yini guda. Amma in aka ce ɗalibi ya ɗora yatsa a kan wurin da ya yi kuskuren da ba ya gyaruwa, ina zai nuna? Abin da ake yawan gani a takardun jarrabawa shi ne "girman kai", shi ke nan. Girman kai kuwa hali ne. Ni aikin nake so a nuna mini, da layinsa.

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Malama. Bari a ɗan yi shimfiɗa saboda waɗanda ba su karanta ba. An yi wasan a Atina wajajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma labarin na birnin Tibis ne. 'Ya'yan tsohon sarkin garin Idifus maza biyu, Itiyokilis da Folinaikis, sun yi rigimar sarauta. Folinaikis ya tafi Argos ya kwaso mayaƙa ya kawo wa garinsu hari, a ƙofar gari wa da ƙane suka kashe juna. Sarauta ta faɗo hannun kawunsu Kiriyon. Dokarsa ta farko ita ce a yi wa Itiyokilis jana'izar girma, Folinaikis kuwa a bar gawarsa a fili karnuka da tsuntsaye su ci, wanda ya binne shi a jefe shi. Antigoni 'yar'uwarsu, wadda aka yi wa baiko da Haimon ɗan Kiriyon, ta je ta watsa wa gawar ƙasa.

Amsata ita ce kuskuren yana cikin dokar kanta, sai dai ba a inda aka fi zato ba. Hana maci amanar gari kabari ba baƙon abu ba ne ga mutanen Atina. Marubucin tarihi Zenofon ya kawo dokarsu cewa wanda ya ci amanar gari ko ya yi sata a ɗakin ibada ba a binne shi a ƙasar Atika, wato yankin Atina, dukiyarsa kuma a ƙwace. Wani marubucin tarihin, Tusididis, ya ba da labarin cewa ƙasusuwan Timistokilis, jagoran Atina da aka zarga da cin amana, a ɓoye danginsa suka ce sun dawo da su gida, saboda wannan dokar. To lura: dokar ta ce kada a binne shi a Atika, ba ta ce kada a binne shi ko'ina ba. Ana fitar da gawa bayan iyaka, dangi su san yadda za su yi da ita can. Kiriyon ya ƙara abubuwa uku da suka toshe wannan ƙofa. Ya bar gawar kusa da gari, ya sa mata masu gadi, sannan ya ɗora hukuncin kisa a kan wanda ya taɓa ta. Na farko shi ya sa tsuntsaye suka riƙa kai naman gawa kan bagadan gari. Na biyu da na uku su suka sa babu yadda dangi za su sauke nauyinsu sai ta hanyar karya doka.

Baba Audu: Malam Habu, ka yi bayani mai kyau, amma kada mu yi wa mutumin nan shari'a da idon wanda ya riga ya san ƙarshen wasa. Jiya-jiya aka ɗage yaƙi daga ƙofar gari. Wanda ya kawo yaƙin ɗan gida ne, kuma Kiriyon ya faɗa ƙarara cewa niyyarsa ita ce ya ƙone garin da ɗakunan allolinsa, ya mai da mutanensa bayi. Sabon sarki a irin wannan safiya in ya ce ɗan 'yar'uwata ne, a yi masa rangwame, wa zai sake jin tsoron dokarsa?

Ga kuma hujjar cewa mutanen Atina ba su ɗauki jawabinsa na farko a matsayin maganar azzalumi ba. A shekara ta 343, kusan shekara ɗari bayan wasan, ɗan siyasar Atina Dimostinis yana ƙarar abokin hamayyarsa Iskinis a kotu, sai ya sa aka karanta wannan jawabi, daga layi na 175 zuwa 190, inda Kiriyon ke cewa ba a sanin mutum sai an gwada shi da mulki, kuma wanda ya fifita abokinsa a kan ƙasarsa ba kowa ba ne. Ya kawo shi ne a matsayin abin koyi, yana yi wa Iskinis gori cewa ya sha fitowa a matsayin Kiriyon lokacin da yake ɗan wasa amma bai ɗauki darasin ba. Saboda haka dokar tana da tsauri, na yarda, amma ba ita ta kashe Haimon ba.

Hajiya Asabe: Ina bayan Baba a nan, da ɗan ƙari. Doka mai tsauri ana iya warware ta da rana tsaka ba wanda ya mutu. Abin da ya hana a warware ta shi ne yadda Kiriyon yake jin magana. Ku bi shi mataki-mataki.

Mai gadi ya zo ya ce an watsa wa gawar ƙasa, babu sawun keken doki, babu alamar haƙa, babu sawun kare. Dattawan gari, wato 'yan amshin wasan, suka ce a layi na 278 da 279 ko dai aikin alloli ne? Kiriyon ya ce su yi shiru kada su zama tsofaffin banza, sannan ya yanke cewa 'yan adawa ne suka ba masu gadi kuɗi, har ya yi barazanar rataye su da rai. Ba shi da shaida ko ɗaya. Da aka kamo Antigoni, hasashen kuɗi ya rushe a gabansa: yarinya ce ita kaɗai, da tulun tagulla, ta zuba wa ɗan'uwanta hadayar sha sau uku. Maimakon ya tsaya ya ce ashe lissafina bai yi ba, sai ya sauya wa maganar suna, ta koma ta mace da namiji: in ta ci nasara ita ce namijin, ba shi ba. Haimon ya zo da ladabi, ya fara da cewa ni naka ne baba, sannan ya ba shi labarin da babu wanda zai iya ba shi, cewa mutanen gari suna yi wa yarinyar kuka a ɓoye don tsoron fuskarsa. Ya kawo masa misalin itacen bakin rafi da ke lanƙwasa wa ambaliya ya tsira, da matuƙin jirgi da ya ƙi sassauta igiya ya kife. Kiriyon ya kira shi bawan mace. Da Haimon ya ce mutuwarta za ta ja wani, a layi na 751, uban ya ji barazanar kisa ce ake yi masa, alhali yaron kansa yake nufi. Daga ƙarshe Tiresiyas, makahon boka da Kiriyon da bakinsa ya ce bai taɓa saɓa wa shawararsa ba, ya zo ya ce hadaya ta ƙi cin wuta, kitse sai narkewa yake yana tsiyaya cikin toka, tsuntsaye suna yagar juna. Me Kiriyon ya ce? An saye ka. Ya koma kan zargin kuɗin da ya riga ya faɗi ƙasa tun da aka kamo Antigoni.

Sau huɗu ana kawo masa bayani, sau huɗu yana bincikar mai magana ya bar maganar. In dole sai na zaɓi layi ɗaya, zan zaɓi 751, don a nan ne ɗansa ya gaya masa abin da zai faru shi kuma ya ji wani abu dabam.

Ɗanlami: Hajiya, Allah ya ƙara basira, amma Malama aiki ta tambaya, kuma akwai aiki guda da ake iya aunawa da agogo. Bayan Tiresiyas ya tafi, Kiriyon ya tsorata ya tambayi dattawa me zai yi. A layi na 1100 da 1101 suka ce: je ka saki yarinyar daga kogo, ka kuma gina wa mamacin kabari. Yarinya aka fara ambata. Da ɗan aike ya dawo da labari, daga layi na 1196, ga abin da aka yi: sun fara zuwa wurin gawa, sun roƙi allolin lahira su huce, sun wanke abin da karnuka suka rage, sun ƙone shi a kan sababbin rassa, sun tara tudun ƙasa mai tsawo a kai. Sai bayan duk wannan suka nufi kogo. Ƙone gawa da tara tudu ba aikin minti goma ba ne. Mamaci zai iya jira, mai rai da aka toshe a cikin dutse ba za ta iya ba. Kuma yana da barori da yawa, ya ce a kira na nan da waɗanda ba sa nan. Me ya hana ya raba su gida biyu?

Malam Habu: Ɗanlami, wannan hujjar ɗalibai suna sonta saboda tana da kama ido, amma tana da rami biyu. Wasan bai faɗi lokacin da Antigoni ta rataye kanta ba. Tana iya yiwuwa ta yi hakan da zarar an toshe bakin kogon, tun Tiresiyas bai iso fada ba. Na biyu, Tiresiyas bai ce in ba ka gyara ba za ka rasa ɗa ba. A karon farko ne ya ba shi dama, ya ce kowa na kuskure, mai hankali shi ne wanda ya gyara. Bayan an zage shi sai ya sauya harshe, ya ce rana ba za ta yi zagaye da yawa ba za ka ba da gawa daga tsatsonka fansar gawawwaki. Wannan sanarwa ce, ba sharaɗi ba. Jeb, Baturen Birtaniya da ya yi wa wasan sharhi a ƙarni na 19, yana ganin Sofokilis ya jera su haka ne domin labarin ɗan aike ya ƙare a kan abin da ya fi tayar da hankali. Da an fara da kogo, wa zai saurari labarin wankan gawa bayan mutuwar Haimon?

Ɗanlami: Na ji, Malam, amma buƙatar marubuci ba ta wanke sarki. Sofokilis da kansa ya sa wa dattawa wancan jerin a baki, da bai so mu lura ba da ya juya shi.

Hajiya Asabe: Ku duka biyun kun tsallake abu ɗaya. Antigoni ba mu san lokacinta ba, amma na Haimon mun sani. Yana da rai lokacin da uban ya iso, tun daga nesa aka jiyo kukansa. An same shi rungume da ƙugunta, ita kuma a rataye da igiyar da ta yi da lallausan yadi. Me Kiriyon ya ce masa? Me ka aikata, me ya shiga kanka, fito ɗana ina roƙonka. Bai ce na binne Folinaikis ba, bai ce na zo sakinta ne ba, bai ce laifina ne ba. Yaron ya tofa masa yawu, ya zare takobi ya kai masa sara, uban ya goce ya gudu, shi kuma ya juya takobin ya faɗa a kai. Ko a bakin kogo tambayar da ta fito daga bakin sarki ita ce me kai ka yi.

Zulai: Malamai, a yi mini afuwa, ni ɗaliba ce. Duk muna kan Kiriyon, to ita Antigonin fa? Da ta yi haƙuri na sa'o'i kaɗan ai da an fito da ita. Wannan ba kuskure ba ne shi ma?

Malama Rabi: Tambaya ce mai kyau, Zulai. Dattawan ma sun gaya mata a layi na 875 cewa zafin ranta ne ya halaka ta. Ta yi wa 'yar'uwarta Isimini rashin kirki sau biyu, a farko da ta ƙi taya ta, da kuma lokacin da ta zo tana son su mutu tare. Akwai kuma layukan nan na 904 zuwa 920 da suka dami masu karatu, inda ta ce da miji ne ko ɗa da ba ta karya doka ba, don ana iya samun wani, ɗan'uwa ne ba ya samuwa tunda iyaye sun mutu. Gote, marubucin Jamus, ya yi fatan a ce ba Sofokilis ya rubuta su ba, amma Aristo ya kawo wani sashensu a littafinsa na balaga, kuma irin wannan hujjar tana cikin tarihin Hirodotus a bakin matar wani basaraken Farisa.

Sai dai bambancin shi ne ita ba ta yi ɓatan lissafi ba. Tun fitowa ta farko ta san hukuncin, ta ce ta yarda ta mutu, abin da ta lissafa shi ya faru. Ba ta da wata hanyar sanin sarki zai sauya ra'ayi, tunda duk yinin bai nuna alama ba. Kiriyon ne ya yi niyyar tsare gari da gidansa ya samu akasin haka. Tsarin wasan ma ya nuna: layuka 1353 ne, ita ta bar dandamali a 943, sauran ɗari huɗu da 'yan kai duk a kansa suke.

Baba Audu: To ni ga abin da zan ƙara don a yi wa mutumin adalci. Ba gaskiya ba ne cewa ba ya jin shawara sam. Bayan Haimon ya fita a fusace, Kiriyon ya ce 'yan matan biyu duk za su mutu. Dattawa suka ce duka biyun? Nan take ya ce a'a, ban da wadda ba ta taɓa gawar ba, kun yi gaskiya. Layi na 770 da 771 ke nan. Kuma ya sauke hukuncin daga jifa zuwa kullewa a kogo da ɗan abinci. Wannan ba sassauci ba ne?

Malam Habu: Sakin Isimini na ba ka shi, Baba. Kogon kuwa ba sassauci ba ne, kuma in Malama tana son aiki, ina ganin na bar dokar na dawo nan. Dubi lokacin da ya sauya hukuncin: daidai bayan Haimon ya gaya masa gari na bayan yarinyar. Jifa sai da hannun jama'a. Wasan bai faɗa ƙarara ba, amma mai karatu na da damar ganin sarki ya ji tsoron a tara mutane su ƙi ɗaukar dutse. Dalilin da shi ya bayar kuma shi ne a ajiye mata abinci gwargwadon abin da zai kare gari daga alhakin jini, daga baya ya ce hannunmu a wanke yake game da yarinyar nan. Wato dabara ce ta kashewa ba tare da an ce ya kashe ba. Ita ce kuwa Tiresiyas ya kama shi da ita: ka jefa mai rai ƙarƙashin ƙasa, ka riƙe na ƙarƙashin ƙasa a sama. Kafin kogo laifi ɗaya ke kansa. Da kogo ya zama biyu masu kallon juna, a wurare biyu masu nisa, shi ya sa ma aka samu matsalar da Ɗanlami ya kawo ta wanne za a fara zuwa.

Ɗanlami: Amma Malam, da jifa aka yi ai da ta mutu tun kafin Tiresiyas ya buɗe baki. Kogon ne kaɗai ya bar ƙofar gyara a buɗe. Ta yaya abin da ya ba shi dama zai zama shi ne kuskuren?

Malam Habu: In jama'a sun yi jifan. Da sun ƙi, da ya ji a bainar jama'a abin da ya ƙi ji daga ɗansa, tun yarinyar na tsaye a gabansa. Kogo ya ɗauke ta daga idon kowa, ya bar ta ita kaɗai da yadinta.

Zulai: Ni abin da ya sa tun farko na kasa ganin hujjar Kiriyon shi ne a wurinmu binne mamaci farali ne na kifaya, ga kuma ƙissar hankakan da ya nuna wa ɗan Adam yadda zai rufe ɗan'uwansa a Suratul Ma'ida.

Malama Rabi: Haka ne, shi ya sa ɗalibanmu ke yanke masa hukunci tun shafin farko, sai a rasa wasan. A jarrabawa kawo hujja daga Girkawan kansu. Waƙar Iliyad ta ƙare ne da Akilis, jarumin Girkawa, ya mayar wa maƙiyinsa Sarki Firiyam gawar ɗansa Hekta bayan alloli sun nuna fushinsu. A wani wasan na Sofokilis, Ajas, sarakuna sun hana binne gawar jarumi Ajas, amma Odisiyus, wanda maƙiyin mamacin ne, ya lallashi Sarki Agamemnon ya janye. Matsala iri ɗaya, marubuci ɗaya, can an ji magana an tsira.

Hajiya Asabe: Ga masu ɗora shi a dandamali, duk wannan muhawarar tana mutuwa in ɗan wasa ya shigo yana tsawa tun fitowar farko. A jawabin farko Kiriyon ya yi magana a natse, dattawa suna gyaɗa kai, har 'yan kallo su ji sun yarda da shi. Murya ta fara tashi a kan mai gadi, ta ƙaru a kan Antigoni, ta kai ƙololuwa a kan Haimon lokacin da ya ce a kawo ta ta mutu a gaban angonta. Wurin Tiresiyas kuma a fara da girmamawa ta gaske, in ba haka ba zagin ba zai yi nauyi ba. Mandela ya rubuta cewa shi ya fito a Kiriyon da suka yi wasan a kurkukun tsibirin Roben, kuma abin da ya tsaya masa shi ne mutum ya fara da jawabin hikima ya ƙare ba ya jin kowa. Masu mayar da shi azzalumi tsantsa, kamar yadda marubucin Najeriya Femi Osofisan ya ba gwamnan mulkin mallaka wannan gurbi a wasansa Tegonni, wani wasan suke yi da wata manufa, ba laifi, amma tambayar Malama ba ta tasowa a can.

In lokaci ya sa dole a rage wasan, a rage daga waƙoƙin dattawa. Kada a taɓa 278 da 279, da 770 da 771, da 1100 da 1101, da labarin wankan gawa. Kada kuma a ba Yuridisi, matar sarki, kuka a gaban mutane. Tana jin labarin ɗanta ta juya ta shige gida ba ta ce uffan ba, dattawa suna tambayar ɗan aike me wannan shirun ke nufi, sai daga baya aka ji ta soke kanta a gaban bagadi tana tsine wa mijin kan Haimon da ɗansu Megariyus da ya riga ya mutu.

Baba Audu: Hajiya, tunda kin shiga kayan aiki, ga ɗaya da mai shirya wasa dole ya yanke. Da Kiriyon ya janye, ya ce wa barori su ɗauki gatura su ruga, shi kuma da ya ɗaure ta shi zai kwance ta da hannunsa. Gatarin na saran itacen ƙone gawa ne, ko na fasa bakin kogo? In na itace ne, to ya raba aikin kamar yadda Ɗanlami ke so, barori can shi nan, sai a hanya ya bi su.

Ɗanlami: In haka ne ma ya fi muni, Baba, ya faɗi daidai da bakinsa ya kuma saɓa. A kogon dai ba a bukaci gatari ba, sun tarar an riga an ɓamɓare duwatsun bakin, ta nan ya ce barori su leƙa su gani ko muryar Haimon ce yake ji.

Malam Habu: Wanda ya ɓamɓare su kuma, wato Haimon, bai tsaya wanke kowa ba, ya tafi kai tsaye, duk da haka wasan bai ce ya same ta da rai ba. Malama, sai ki ba hujjar Ɗanlami rabin maki.